Tsibiran Da Ke Bayan Tur'a Da Manyan Malaman Da Suka Ƙi Tsallakawa



Kalmar Jazira a Larabci tsibiri take nufi. Ƙasar da muke zaune a kanta ta sami wannan suna ne saboda Shuɗin Nilu ya tokare ta daga gabas, Farin Nilu ya tokare ta daga yamma, har suka je suka haɗu a Hartum. To amma duk wanda ya taɓa yin damina a kudancin Jazira ya san cewa cikin wannan babban tsibiri akwai waɗansu ƙananan tsibirai da babu su a taswira. Garinmu Wad Haddad yana bakin kwaltar da ta taso daga Wad Madani ta nufi Sinnar, don haka ko ana ruwa ko ana iska mota na wucewa ta ƙofarmu. Amma ka bar kwaltar nan ka nutsa cikin gonakin ban-ruwa, sai ka tarar da baƙar ƙasa wadda in ta sha ruwan sama sau biyu takan zama laka mai cafke ƙafar jaki, balle tayar mota. Ga tur'o'i, wato magudanan ruwan da aka haƙa, sun yanyanka ƙasar ta ko'ina. Ƙauyen da kake hango itatuwansa daga bakin hanya, a watan Agusta ya fi Madani nisa. A irin waɗannan ƙauyuka da kanabi akwai makarantu, a cikin makarantun akwai malamai, kuma a kan waɗannan malamai za mu yi magana, mu da alƙalamin zauren dattijo yake hannunmu, kukansu kuma yakan fara sauka a kan tabarmarmu kafin ya isa wani ofis.

Saboda 'yan'uwanmu na Kano da Maradi, bari mu fassara kambo, wanda jam'insa ne kanabi. Da Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar a 1925 suka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, an raba gonaki, hawasha hawasha, ga mutanen ƙasa, sai dai hannuwan da za su ciri ciyawa su tsinki auduga ba su isa ba. Kakanninmu na cikin waɗanda suka cike gurbin: mahajjata masu neman guzurin ƙarasawa Makka, da masu dawowa da ba su kai gida ba, tare da mutanen Darfur da na Chadi. Aka tsugunar da su a gefen tur'a, a zangon leburori, a kan ƙasar da ba tasu ba. Aikin ya faɗaɗa da aka ƙara masa Manakil har ya haura fadan miliyan 2, shekara 100 ta cika, kambo kuwa yana nan a matsayin zango na wucin gadi a idon hukuma. Wurin da ake ɗauka na wucin gadi ne ba a gaggawar gina masa makaranta. Inda ka ga makarantar ta tsaya, galibi gayya ce ta tsayar da ita, abin da maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir: iyaye su buga tubali, su ɗora jinka, su sayi allo, sannan su yi ta zarya a ofishin ilimi har a turo musu malami.

To wa ake turowa? Idan takardar sauyin wurin aiki ta fito, malamin da ya shekara 25 da alli a hannu, wanda ya san kan yaro kamar yunwar cikinsa, sunansa yakan faɗa a makarantar bakin kwalta, kusa da gidansa, kusa da kasuwa, kusa da ɗaliban darasin kuɗi na bayan La'asar. Wanda ake jefawa bayan tur'a kuwa, ko sabon da bai taɓa tsayawa gaban aji ba, ko ɗan hidimar ƙasa mai ƙidayar watanninsa, ko wanda ya saɓa da mudir aka ce a kai shi can ya ji a jikinsa. Har suna aka yi wa irin waɗannan wurare a harshen ofis, manatik shidda, yankunan wahala, kamar dai 'ya'yan da ke cikinsu horo ne da ake yi wa ma'aikaci. Kowane manomi a Jazira ya san halin hawashar da ke wutsiyar tur'a: na sama su sha su ƙoshi, abin da ya rage shi ke gangarowa, wani lokaci ma ba ya isowa. Haka aka raba gogewar malanta a wannan yanki, kuma makarantunmu ne a wutsiya.

Ba mu ce kada a tura matashi ƙauye ba. Dole wani ya je, kuma ƙashin matashi ya fi jure tafiya. Ƙararmu ita ce, ana kai shi a ajiye, a juya baya. Ya ku manyan malamai, mudirai da muwajjihai da waɗanda suka ajiye aiki suna zaune a inuwa, da ku muke. Wannan yaron da aka ajiye shi kaɗai da aji biyu a ɗaki ɗaya, ɗalibinku ne jiya. Wa ya zauna a bayan ajinsa ya saurari darasinsa daga farko har ƙarshe? Wa ya ja shi gefe bayan an tashi ya ce masa, ɗana, nan ka yi sauri, nan kuma ka bar na baya a baya? Ziyarar muwajjih, wato mai duba malamai, mun san yadda take. Takan zo da rani, lokacin da hanya ta bushe. A yi shara, a yanka kaza, ya buɗe daftarin shirya darasi ya duba ko an cika ranaku, ya sa hannu, ya rubuta layi uku a littafin ziyara, ya kama hanya kafin Azahar. Malamin da aka ziyarta ya koyi abu ɗaya kawai, wato yadda ake cika daftari don mai dubawa. Abin da ke damunsa na gaskiya ba zai faɗa ba, don ba a faɗa wa alƙali laifin da bai tambaya ba.

Bari mu faɗi abin da ke damunsa, don kada a ce zancen iska muke yi. Yaron kambo yakan shiga ajin farko da Hausa a bakinsa, littafi kuma Larabci ne, malamin da aka turo sau da yawa ko sannu bai sani ba da Hausa. Sai ya yi magana yara su zuba masa ido, ya ɗaga murya, su ƙara yin tsit, daga nan ya yanke hukunci cewa 'ya'yan Fallata ba su da kai. Alhali kuwa yaron nan ya zo da rabin kayan aikin a aljihunsa. Ranakun mako da ya sani, daga Lahadi zuwa Asabar, Larabci ne. Ƙidayarsa daga ashirin zuwa casa'in Larabci ce. Allo da alƙalami da tawada da littafi duk daga can suka zo. Hausa tana bambanta kai da ke kamar yadda Larabci ke bambanta anta da anti, abin da yaran waɗansu harsuna kan sha wuya kafin su gane. Malamin da aka nuna wa wannan gada zai tsallakar da aji a wata uku. Wanda ba a nuna wa ba zai shekara yana dukan ruwa.

Ga wani misali da ya fi wannan ciwo. Yaron da ya fito daga makarantar allo irin tamu, ya koyi baƙi da rubutun kakanninsa na ƙira'ar Warshu, inda ɗigon fa yake ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya take ɗauka a sama. A littafin gwamnati fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ke nan duk inda littafi ya rubuta fa, yaron zai karanta ƙaf, kuma yana da gaskiya bisa abin da alaramma ya koya masa. Sabon malami da bai taɓa ganin wannan rubutu ba sai ya ja jan biro, wani ma ya ja bulala. Yaron da ya riga sa'o'insa sanin baƙi ya koma gida da shaidar daƙiƙi. Gyaran wannan bai kai minti goma ba, in akwai babban da zai zauna da ƙaramin malami ya zana masa haruffan biyu a ƙasa. Haka nan wahalar rarrabe ha mai kauri da ha mai laushi, da ain da hamza, duk tsohon malamin da ya koyar da 'ya'yan Hausawa yana da dabararsa a kai. Ya san kuma abin yi idan lokacin girbin dawa da tsinkar auduga ya zo rabin aji ya watse gona, ya san ta bakin wa ake shiga wa uban da ke son cire 'yarsa daga aji biyar, ya san cewa malamin da bai gai da liman da mai unguwa a makonsa na farko ba ya gama wahala. Ba a rubuta waɗannan a littafin kowace jami'a ba. A ƙirjinku suke, kuma kuna shirin shiga kabari da su.

A nan dole mu ware waɗansu mu yi musu magana ta musamman, wato manyan malamai 'ya'yan Hausawa da suka kai muƙami a Madani da Sinnar da Damazin, amma suka naɗe Hausarsu suka sa a ƙasan akwati. Mun san dalilin. Mun san zamanin da ake dukan yaro a makaranta don ya yi rutana, wato ya yi magana da harshen da ba Larabci ba. Mun san dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 da ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa suna nan tun kafin 1898, sharaɗin da ya rufe ƙofa a fuskar jikokin waɗanda suka iso bayan haka, ya sa mutane da yawa suka koyi ɓoye asali don su sami takarda. Mun san abin da ya faru a Rusairis a Yulin 2022 da Wad al-Mahi a Oktoban wannan shekara, da yadda 'yan'uwanmu suka kwararo arewa da 'ya'yansu a kafaɗa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma malam, tsoron da ya cece ka jiya shi ke cin ɗan ƙanenka yau. Kai ne kaɗai a ofishin nan da ya san dalilin shirun ajin kambo, kuma kai ne ka fi kowa yin shiru idan ana zancen.

Abin mamaki shi ne, mu ba mutanen da za a koya wa wannan aiki daga waje ba ne. A tsangaya gardi yana biya wa kolo, alaramma yana sauraron gardi, gwani kuma yana bin rubutun alaramma wasali da ɗigo, kuma ba wanda ake bari shi kaɗai da allonsa komai girmansa. Je ka masidin Wad al-Fadni nan Jazira, ko Umm Dubban, ka ga irin wannan tsari a wurin maƙwabtanmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai zauna a Degel yana jiran a zo ba, ya shiga Kabi, ya yi kimanin shekara biyar yana zagaya Zamfara da karantarwa, kuma a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke tara ɗalibai a waje don a ce da su malam, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta ga matan ƙauye sun yi wa birni nisa, sai ta naɗa jajoji, dattijan mata amintattu, ta ɗora musu malfa da jan rawani, su jagoranci 'Yan Taru su zo gare ta su ɗauki karatu su koma da shi ƙauyukansu, su sake dawowa a ƙara musu. Ba ta naɗa jaji ta manta da ita ba. Jikokin wannan gida ne suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan Burmi a 1903, suka kafa Mai Wurno a kudu da Sinnar, a bakin wannan kogi da muke sha. Mutanen da suka keta daga Burmi zuwa Shuɗin Nilu a ƙafa da littattafai a kansu, yau jikokinsu ne tur'a mai faɗin taku ashirin take gagara.

Ita ma makarantar gwamnati ta Sudan ba haka ta taso ba. A 1934 aka kafa cibiyar horar da malamai ta Bakhtar Rida kusa da Duwaim, kuma da gangan aka kai ta karkara, don malami ya koyi aiki a irin wurin da zai yi shi. Ana gwada darasi a ajin gaske kafin a rubuta shi a littafin jagoran malami, malaman cibiyar kuma suna fita rangadi su bi sawun waɗanda suka yaye har makarantunsu. Sunanta ya kai har ƙasar Hausa: marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yana cikin 'yan Arewacin Najeriya da aka turo can a tsakiyar shekarun 1950. A shekarar 1934 ɗin ce kuma aka buɗe makarantar shari'a ta Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma shaihunan Sudan ne suka tafi suka fara koyarwa a cikinta. Daga Hartum zuwa Kano, a wancan zamani. Akwai kuma mez, gidan malamai na makarantun karkara, inda babba da ƙarami ke cin abinci a faranti ɗaya, su shirya darasin gobe a fitila ɗaya. Da yawa daga cikinku a mez kuka zama malamai, don wani dattijo ya ga kuna kuskure ya gyara muku tsakanin shayi da Isha'i. Bashi ne kuka ci.

Mun san yadda abin ya warware. Shekarun 1970 da 1980 sun kwashe gogaggun malamai zuwa Saudiyya da Yaman da Libiya da Oman. A farkon shekarun 1990 aka mai da matakin farko shekara 8, aka haɗe cibiyoyin horar da malamai da jami'o'i, aka ɗora nauyin makarantun tushe a kan jihohi da ƙananan hukumomi, matalauciyar ƙaramar hukuma ta haifi matalauciyar makaranta. Bayan 2019 aka sake komawa tsarin 6 da 3 da 3. Kowane sauyi da sababbin littattafansa, kuma malamin bayan tur'a shi ne na ƙarshe da labari ke isa gare shi.

Za ku ce mana yaƙi. Ba a bakinku za mu ji labarin yaƙi ba, ta kanmu ya bi. Tun 15 ga Afrilun 2023 makarantu suka rufe, a Oktoban wannan shekara UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan, Madani ta faɗi a Disamba, ba ta dawo hannun soja ba sai Janairun 2025. Malamai sun yi watanni ba albashi, wasu sun koma sayar da gawayi da albasa, kuma tun kafin yaƙin albashin bai kai mutum ƙarshen wata ba, abin da ya jawo yajin aikin 2022. Wannan duk gaskiya ne, kuma duk malamin da ya fito neman haƙƙinsa muna bayansa. Sai dai yaƙin hujja ce a kanku. Yaron da ya kamata ya shiga ajin farko a 2023 ya shiga da shekara takwas ko tara, yana zaune kusa da ɗan shekara shida. Na aji huɗu ya manta abin da ya sani. A cikinsu akwai wanda ƙarar babur ke sa shi shiga ƙarƙashin benci, inda bencin ya tsira daga zama makamashi. Irin wannan aji ko gwanin malamai sai ya yi tunani kafin ya shiga, shi ne kuka bar wa yarinya 'yar shekara 23 mai aikin sa-kai, wadda iyayen yara ke tara wa kuɗin sabulu. In ita ta iya zama a can wata da watanni ba albashi, ku kwana biyu ba zai kashe ku ba.

Za ku ce hanya. Mu da muke rubuta takardun ta'aziyya mun san wanda ke zuwa da wanda ba ya zuwa, kuma ba mu taɓa jin laka ta hana babban malami zaman makoki ko ɗaurin aure ba. A ranar nan akan sami tarakta, akan sami karo da jakinta, akan naɗe jallabiyya a riƙe takalmi a hannu, in ma gabas da kogi ne akan sami kwale-kwale. Zumunta a ƙafa take, kun yarda da wannan ga mamaci. Za ku ce kuma ai akwai waya, an buɗe zaure a WhatsApp ana tura takardun ofis. A tura, ba laifi, ranar da aka sami sabis da cajin batir. Amma waya ba ta ganin yaron da ke layin baya yana motsa baki ba ya karanta komai, kuma ƙaramin malami ba zai rubuta a gaban mutum hamsin cewa shi kansa bai gane darasin kasafi ba. Wannan magana sai a kan tabarma, bayan an ci abinci, ga wanda ya tako ya zo.

Iyayenmu mata manyan malamai, ku ma ba ku fita ba. Akasarin masu koyarwa a matakin farko mata ne, kuma budurwar da aka tura ƙauyen da babu mez tana da matsalolin da ba za ta faɗa wa mudir namiji ba: gidan da aka sauke ta, idon gari a kanta, hanyar da take bi ita kaɗai. Da yawa sukan gudu kafin shekara, a ce ba su da haƙuri. Zuwan dattijuwa ɗaya ta kwana a ɗakinta, ta zaga da ita gidan mai unguwa ta ce wannan 'yata ce, yakan sauya yadda ƙauye duka ke kallonta.

Abin da muke nema ba ya bukatar hatimin wazara. Kowane babban malami, mai aiki ko mai ritaya, ya ɗauki makaranta ɗaya ta bayan tur'a ta zama tasa, ya san sunan malamanta, ya je sau ɗaya a wata ya kwana biyu. Ya bar littafin ziyara a gida. Rana ta farko ya zauna a baya ya saurara, rana ta biyu ya karɓi allin ya koyar ƙaramin yana kallo, don gyara da baki ya fi sauƙi ga wanda bai tsaya gaban ajin ba. Wanda ya ji Hausa ya yi ta a gaban yara ba tare da rage murya ba. Su kuma masu hawashoshi da 'yan kasuwar da auduga da dawarsu ke fitowa daga hannun iyayen waɗannan yara, jigila da abincin baƙo a wuyansu yake, kuma dattawa za su bi su gida gida. Takarda tana nan a zaure, sunayen makarantu a dama, hagu kuma fili. Wanda ya ce ƙafarsa ba ta iya laka, akwai jaki. Wanda ya ce shi ya wuce hawan jaki, rani na tafe, hanya za ta bushe, kuma za mu aiko masa da takardar har gida a watan Disamba.